Tarihin Dauloli a Kan Kwandon Tumatir

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da wata ranar Talata ta watan Fabrairu ba, ranar da na miƙa makullin sito na hau babur na tafi ban ruwa. Shekara talatin da biyar na yi ina aikin laburare, yawancin ranakun sun cakuɗe mini, amma wannan tana nan daram. Tunda kun ce in ba ku labari ɗaya daga cikin aikin kafin in ƙarasa tsufa, wannan zan ba ku. Ba labarin bajinta ba ne, don da yabo nake nema da na zaɓi wani.

A lokacin ni ne jami'i mai kula da ƙaramin laburaren wani gari da ke tsakanin Kura da Bunkure, ina mataki na takwas. Ɗaki biyu ne da sito a baya. Ni ne shugaba, ni ne mataimaki, wata rana ma ni ne mai shara. Masu zuwa ba su wuce ɗalibai idan jarrabawa ta matso ba, sai wasu dattawa da ke zuwa karatun jarida da shan iskar fanka. Wanda bai san yankinmu ba sai in gaya masa cewa kowa a nan manomi ne. Malamin makaranta, ma'aikacin asibiti, ɗan sanda, duk wanda ka gani da riga mai guga, to yana da 'yar gonarsa a bakin kanal, wato magudanar da ke kawo ruwan noman rani. Ni ma ina da eka ɗaya ta tumatir, kuma in faɗi gaskiya, ta fi kantocin littattafai samun hankalina.

Akwai wani dattijo a garin, Dakta Barau. Ɗan garin ne, ya yi karatu a Amurka tun yana saurayi, ya dawo ya koyar da tarihi a jami'a har ya yi ritaya. Littafi shida ya wallafa, duk da Turanci, huɗu a kan tarihin Amurka, biyu a kan manyan daulolin da suka mulki duniya suka shuɗe. Da ya ajiye aiki, maimakon ya zauna a birni kamar sauran takwarorinsa, sai ya dawo gidan mahaifinsa. Mutanen gari suna ganin girmansa, amma a bayan ido Ba'amurke suke ce masa, har akan ce wai in ka gaishe shi da safe sai ya ba ka labarin Rumawa kafin ya amsa.

Ni da shi mun fara da ƙafar hagu. Ranar da ya fara shigowa laburaren, ya zaga kantoci yana kara fuska kusa da littattafai, don tun lokacin idonsa ya fara rauni. Sai ya zaro wani littafi a kan daular Turkawa daga kantar addini, ya ɗaga shi a gaban ɗalibai.

"Malam Ado, wa ya ajiye wannan a nan?"

"Ni ne, Dakta."

"To, ba don ka ga hoton masallaci a bango ba shi ke nan ya zama littafin fiƙihu. Tarihi ne. Kakan buɗe su kuwa kafin ka jera?"

Ɗalibai suka yi dariya. Ni ma na yi irin dariyar nan da ta fi kuka ciwo, na mayar da littafin inda ya ce. Gaskiya ya faɗa, amma na riƙe abin a raina. Ina da wannan halin, kuma ban ɓoye muku ba.

Daga nan ya mayar da Alhamis ranar zuwansa. Yakan zauna kusa da taga ya yi ta hira da duk wanda ya samu. Akwai wata magana da yake yawan maimaitawa, wai daula kamar kanal take, ba a rana ɗaya take toshewa ba, kowa ne ke cewa maƙwabcinsa zai yashe, har ciyawa ta cinye ta. Ina jinsa ina cike fom, a zuciyata ina cewa tsohon nan ba shi da tumatir a gona, shi ya sa yake da bakin magana.

Wata Alhamis a watan Disamba sai ga shi a a-daidaita-sahu da kaya. Ya kawo littattafansa shida da aka buga, kyauta ga laburare, sannan ga kwali biyu irin na sabulu an ɗaure su da igiya. Ya dafa kwalayen ya ce:

"Malam Ado, shekara talatin na yi ina yi wa Turawa bayanin kansu da harshensu. Mutanena ko shafi ɗaya ban rubuta musu ba. Wannan shi ne biyan haƙƙin. Shekara tara ina rubuta shi da Hausa, da hannuna, daga Masar da Farisa da Rum, da Mali da Songai, har zuwa Amurka. Kwali ɗaya rubutun ne, ɗayan kuma bayanan da na yi aiki da su. Ba ni da wani kwafi."

Ya ce gidansa danshin kanal ya kama bango, gara ta fara shiga ɗaki. 'Yarsa da ke aure a Kano ta so ta tafi da su, ya hana, ya ce don mutanen nan ya rubuta, a nan zai zauna. Abin da yake so shi ne laburare ya adana, a kuma rubuta wa hedikwata ko za su sa a buga shi a na'ura.

Bari in yi wa waɗanda ba 'yan aikin ba bayani. Duk abin da ya shigo laburare sai an shigar da shi rajista, a ba shi lamba, a buga masa hatimi. Daga wannan lokacin ya zama kayan hukuma, ba mai fitar da shi sai da takarda. Littafin da aka buga ba wuya, ga sunan marubuci, ga maɗaba'a, ga shekara. Littattafan Dakta shida a ranar na shigar da su. Amma rubutun hannu yana da nasa tsarin. Sai ka ƙirga shafukan ɗaya bayan ɗaya, ka ba shi lambar wucin gadi, ka rubuta wasiƙa zuwa hedikwata kana neman izinin ajiya ta musamman. Aikin yini biyu ne, ko uku in ka yi nawa.

Na ce masa, "Kada ka damu, Dakta, gobe in sha Allahu zan zauna a kai."

Na kai kwalayen ƙuryar sito, bayan tulin tsofaffin jaridu. Kashegari dashe ya taso mini. Mako na gaba taki. A raina kuwa abin da nake faɗa shi ne, wa zai karanta tarihin Amurka a garin da kowa ke lissafin ranar ruwa? Manomin da ko takardar maganin feshi ba ya karantawa, shi ne zai zauna wa Farisawa? Ga kuma 'yar tsohuwar ƙullatar nan tana raɗa mini cewa ai ya iya gyara wa mutane aiki, bari ya ɗan jira. Duk Alhamis sai ya tambaya, "Hedikwata sun amsa?" Ni kuma in ce, "Ka san su, Dakta, sai a hankali." Wasiƙar da ban rubuta ba nake jiran amsarta. A haka aka yi wata goma sha huɗu. An ce a bari ya huce shi ke kawo rabon wani, ni kuwa na bar shi har ya yi sanyi ƙalau.

Sai ga sanarwa cewa kwamitin tantance kaya zai zo daga hedikwata ranar Talata. Aikin wannan kwamiti shi ne ya duba sito. Abin da ke da lamba a duba lafiyarsa, a ajiye ko a soke shi a rubuce. Abin da ba shi da lamba kuwa tarkace ne a idon doka, sai a fitar. Mu a yankinmu akwai al'adar da muka daɗe a kai. Ba ma ƙona tsofaffin takardu, dillalan tumatir muke ba, domin da takarda ake rufe bakin kwando a ɗaure kafin a loda a mota zuwa Kudu. Su kuma sukan aiko wa ma'aikaci da kwando guda na alheri. Ba wanda ya taɓa ganin aibun haka.

Matsalar ita ce Talata ranar ruwan layinmu ce. Ana buɗe ƙofar ruwa da hantsi a rufe da la'asar, wanda bai je ba sai wani makon. Makon da ya gabata kuma ba a ba mu ba saboda gyaran ƙofa, tumatirina ya fara sunkuyar da kai. Taura biyu ba ta taunuwa, sai na zaɓi wadda ta fi mini zaƙi.

Shugaban kwamitin, Alhaji Sani, mutum ne mai sauƙin kai, mataki na goma sha uku. Da na yi masa bayani sai ya yi murmushi, don shi ma yana da shinkafa a wajen Garun Malam.

"Je ka, Malam Ado, ruwa ba ya jira. Amma kafin ka tafi, akwai wani abu a siton nan da ba ya cikin rajista wanda kake so a bari?"

Ku saurari wannan wurin da kyau. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa mantawa na yi. Ba mantawa na yi ba. Kwalayen sun faɗo mini a rai a daidai lokacin. Amma in na ambace su, tambaya ta gaba ita ce tun yaushe suke nan, me ya sa ba su da lamba, ina kwafin wasiƙa. Takardar tuhuma ke nan, ga shi ina jiran ƙarin girma. Sai na lissafa cewa jaridun suna da yawa, ba za su kai ƙurya a yini ɗaya ba, in na dawo da yamma sai in ɗauke kwalayen in kai gida.

"Babu, ranka ya daɗe. Tsofaffin jaridu ne kawai."

Na sa hannu a fom tun kafin a cike shi, na miƙa makulli. A kan gadar kanal na rage gudu, har na sa ƙafa ɗaya a ƙasa kamar zan juya. Sai na hango ruwa ya fara gangarowa, na ƙara wuta.

Abin da ban sani ba shi ne Ɗanjuma dillali ya zo da lebura shida, domin kasuwa ta cika kuma takarda ta yi ƙaranci. Kafin azahar sun share siton tas.

Na dawo gida bayan la'asar, ƙafafuna duk taɓo, raina fari. A tsakar gida na tarar da kwandon tumatir, matata Hadiza tana kwance igiya. Ta ɗago takardar da aka rufe shi da ita ta ce, "Malam, dubi rubutu mai kyau, irin na malaman da. Wa ya yar da wannan?"

Doguwar takarda ce, rubutu da shuɗin biro, layi a miƙe kamar an ja zare. A sama an sa lamba ɗari uku da goma sha biyu. Layin farko yana cewa Rumawa sun kai lokacin da attajiransu suka fi son gyara gidajen wanka a kan gyara hanyoyin ruwa. Wannan shi ne karo na farko da na karanta jimla ɗaya daga littafin Dakta Barau.

Ko wanke taɓon ban yi ba na nufi kasuwar tumatir ta bakin titin Zariya, wajen Kadawa. Na iske Ɗanjuma yana tsaye yana sallamar mota ta ƙarshe.

"Ɗanjuma, kwalayen nan biyu na sabulu, ina suke?"

"A'a, Malam Ado, ai sun yi mana rana. Wallahi takardar nan ta fi jarida ƙwari, ba ta saurin jiƙewa. In akwai saura a taimaka mana."

"Motoci nawa suka tashi?"

"Tara, wannan ta goma. Wasu Legas, wasu Fatakwal. Lafiya dai?"

Na durƙusa ina tsintar takardu a ƙasa, cikin ruɓaɓɓen tumatir da sawun taya, mutane suna kallona kamar wanda ya taɓu. Na roƙi direban mota ta goma ya bar ni in kwance kwandunan sama, ya ce in yi haƙuri, kaya mai lalacewa ne, ba zai sauke lodi don takarda ba. Kafin a kira magariba na haɗa shafi arba'in da ɗaya, daga cikin sama da dubu. Kwalin bayanan kuwa, da yake ƙananan katuna ne ba sa rufe kwando, an zuba su a wutar mai shayi.

Abin da ya kamata shi ne in wuce gidan Dakta kai tsaye. Ban je ba. Ranar Alhamis ya zo, ya zauna a kujerarsa ta kusa da taga, ya yi tambayarsa, na ce suna kan nazari. Alhamis ta biyu ma haka. Ina kallon tsohon nan yana hira yana dariya, ni kuma shafukansa suna cikin durowata, na goge su da tsumma na danne da ƙamus. Abinci ya daina yi mini daɗi. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne.

A Alhamis ta uku wani ƙaton mutum ya yi sallama, rigarsa da tabon baƙin mai. Ya ce sunansa Haruna, direban tirela ne, Ɗanjuma ne ya kwatanta masa nan. Ya zaro wasu takardu a ninke daga aljihu. Ina ganin shuɗin biron na san ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

"Malam, wurinka na zo. Motata ta lalace a hanyar Legas, muka kwana biyu a daji muna jiran makanike. Don zaman banza na fara karanta takardar kan kwando. Wallahi sai na kasa ajiyewa. Na bi kwanduna ina zarewa ina maye gurbinsu da kwali, har na samu goma sha bakwai. Wasu direbobi suka tsaya taya ni, na riƙa karanta musu. To amma ba a jere suke ba, kuma ga wannan inda ta tsaya."

Ya buɗe ɗaya ya fara karantawa da ƙarfi, yana bin layi da yatsa. Labarin yaƙin basasar Amurka ne, yadda mutanen Kudu ke da auduga da bayi, na Arewa ke da masaƙu da jiragen ƙasa, kowa yana ganin wata uku ya isa a gama. Ya karanto har ƙasan shafin: "Da aka shiga shekara ta uku, sai al'amarin ya juya ta inda ba wanda ya zata, domin..." Ya ɗago kai.

"Domin me? Mako biyu ke nan abin yana cina. Har musu muka yi da wani direba, shi ya ce masu auduga ne suka ci, ni na ce masu jirgi. Ina sauran littafin?"

Dakta Barau ya miƙo hannu daga inda yake zaune.

"Ba ni in gani, ɗana."

Ya kara takardar dab da idonsa, ya daɗe. Sannan ya kai ta hanci ya shinshina. Bai dube ni ba. Ya ce wa Haruna ya jawo kujera.

"Kai ka ci musun. Zauna in gaya maka domin me."

Fiye da awa ɗaya yana ba shi labari. Dattawan jarida suka ajiye jaridunsu, wasu manoma biyu da suka shigo neman inuwa suka zauna a ƙasa. Tambayoyi suke yi masa masu ma'ana. Ɗaya ya ce su bayin da aka 'yanta, an ba su gona ko haka aka sake su? Dakta ya ce wannan ita ce tambayar da ya yi babi guda a kanta. Ina tsaye a bayan teburina ina jin mutanen da na yanke wa hukuncin cewa ba za su karanta ba. Kunyar da na ji a wannan awa ban taɓa jin irinta ba.

Da kowa ya watse, ya rage daga ni sai shi, na fito da shafukan durowa na ajiye a gabansa, na durƙusa na faɗa masa komai. Ban rage ko ɗaya ba, har da maganar Alhaji Sani da tsayawata a kan gada. Ya saurara yana shafa takardun da tafin hannu.

"Duka ke nan?"

"Da na Haruna, hamsin da takwas, Dakta."

"Bayanan fa?"

"An ƙona."

Can ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba, ya ce, "To, ai an wallafa shi. Har Legas da Fatakwal. Littattafaina na Turanci ma ba su yi wannan yawon ba." Sai ya juyo da fuskarsa wajena.

"Malam Ado, tambaya ɗaya zan yi maka. Wata goma sha huɗu suna ɗakinka. Ka taɓa kwance igiyar?"

"Ban taɓa ba."

"Direba ya karanta a gindin mota. Kai da aka ɗauke ka aiki don littafi..." Bai ƙarasa ba. Ya laluba sandarsa ya miƙe. A bakin ƙofa ya ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri," ya fita.

Da zagina ya yi, ko ya kai ƙarata hedikwata, da na samu sauƙi. Bai gaya wa kowa ba, ko 'yarsa. Alhamis biyu bai zo ba. A ta uku na sayi dogayen takardu da biro na tafi gidansa, na ce in ya yarda ya riƙa faɗa ina rubutawa, mu sake shi daga farko. Sai ya ce, "Ba ka da ban ruwa ran Alhamis?" Na haɗiye, don na ci a ce mini fiye da haka.

Wata takwas muka yi muna zama a zaurensa. A nan na san irin mutumin da na yi wa wannan aiki. Yakan kwatanta kogin Masar da kanal ɗinmu, ya kwatanta gwamnonin Farisa da masu rabon ruwa, har sai ka ga kamar a bayan gari abin ya faru. Amma ba ɗaya ba ne da na farko, shi ma ya sani. Yakan tsaya a tsakiyar magana yana neman wata shekara ko sunan wani gari, ya ce yana cikin katunan nan, sai kuma ya tuna. Wata rana ya ce mini, "Wancan da idona na rubuta shi, wannan da abin da ya rage a kaina." Mun gama Masar da Farisa, mun shiga Rum. Ba mu kai Mali ba, balle Amurka, wadda ita ce ya fi sani a duniya. Ciwo ya kwantar da shi bayan damina, ya yi kwana goma sha ɗaya Allah ya karɓi abinsa. Haruna direba yana cikin waɗanda suka ɗauki makara.

Bayan sadakar bakwai na zauna na rubuta wa hedikwata wasiƙar da ta yi kusan shekara biyu tana jirana, na haɗa da bayanin laifina, na ce a hukunta ni. Alhaji Sani ya kira ni ofishinsa, ya karanta, ya cire tabarau.

"Malam Ado, da wace lamba zan tuhume ka? Abin da bai shiga rajista ba, bai shigo ba. Abin da bai shigo ba kuma ba ya ɓata. A takarda ba ka yi komai ba."

A shekarar aka ƙara mini girma. Tumatirin da na je yi wa ban ruwa kuwa, kasuwa ta cika a lokacin, rabinsa yanka shi muka yi muka shanya a bakin titi.

To, ku da za ku riƙe aikin bayanmu, ga abin da na koya, kuma da tsada na koye shi. Duk abin da aka miƙo muku, ku ba shi lamba a ranar, ko da lambar fensir ce, kafin ku tashi daga kujera. Mutumin da ya kawo muku takarda ba takarda ya kawo ba, shekarunsa ya kawo. Kuma kada ku zauna a bayan tebur ku yanke wa mutane abin da za su so karantawa. Ni na raina manoma da direbobi, ina ganin na fi su sanin littafi, ashe a duk garin ni kaɗai ne littafin ya zauna a hannunsa wata goma sha huɗu bai buɗe ba. Gara ba ta ci rubutun Dakta ba, danshin kanal bai taɓa shi ba. Ya tsere musu ne ya kawo wa ma'aikacin laburare.

Shafuka hamsin da takwas ɗin nan suna nan, na sa an yi musu bango. In kun je ku duba rajista, da hannuna na shigar da su, a gurbin bayanin lafiyar littafi na rubuta: bai cika ba, akwai jirwayen tumatir. Kafin in yi ritaya babu abin da aka fi nema a laburaren kamarsu. Kuma kusan duk wanda ya kai shafin nan na yaƙin Amurka sai ya taso ya same ni a tebur, ya nuna mini ƙasan takardar ya ce, "Malam, domin me?" Nakan faɗa musu abin da na tsinta a bakin Dakta ranar da ya ba Haruna labari. In suka ce ina sauran littafin, sai in ce musu ni na tafi ban ruwa.